Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a darasin kemistiri da yadda za a gyara su

Duk malamin da ya duba takardun gwaji na ɗaliban da ke shirin WAEC ko NECO a nan Jos ya san inda maki ya fi zubewa a kemistiri: ɗalibi ya haddace ƙa'ida, amma ya manta da sharaɗin da ke tafiya da ita.

Babban abin tuntuɓe shi ne ma'aunin zafi a lissafin gas. Dokar Charles ta ce girman gas yana ƙaruwa daidai da zafinsa muddin matsi bai sauya ba, sai dai zafin da ake nufi na ma'aunin Kelbin ne, wanda ake samu idan an ƙara 273 a kan digirin Selsiyos. A ce gas ya cika santimita kubik 300 a digiri 27, aka ɗumama shi zuwa 54. Ɗalibi yana ganin 54 ninkin 27 ne, sai ya rubuta 600 cikin gaggawa, alhali digiri 27 Kelbin 300 ne, 54 kuma 327, saboda haka amsar 327 ce kacal. Maganin wannan shi ne a mayar da zafin zuwa Kelbin tun a layin farko, kafin a taɓa kwalkuleta. Dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662 ita ma da nata sharaɗin: ninka matsi yana rage girman gas zuwa rabi ne kawai idan zafi ya tsaya yadda yake.

Mu mazauna Jos muna da wani kuskure na kanmu. Garin yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, iska ta fi ta Legas sauƙin matsi, ruwa kuma yana tafasa ne a lokacin da matsin tururinsa ya yi daidai da matsin iskar da ke kansa. Shi ya sa a nan yake tafasa a wajen digiri 96. Na sha ganin ɗalibi a ɗakin gwaji ya karanta 96 da idonsa, ya goge ya rubuta 100 domin haka littafi ya ce, yana zargin ma'aunin da lalacewa. Abin da ya gani shi ne daidai. Haka nan lita 22.4 da ake cewa mol ɗaya na gas yana cikawa (mol ma'aunin adadin ƙwayoyin abu ne a kemistiri), a Kelbin 273 da matsin milimita 760 na zaiba ne, ba a ko'ina ba.

A ginin ƙwayar zarra, ana yawan cakuɗa lambar zarra da lambar nauyi. Ta farko adadin furoton ce, ta biyu furoton da nutron a haɗe, don haka sodiyum (Na) mai lambar zarra 11 da lambar nauyi 23 nutron 12 gare shi. Idan ya zama Na⁺, elektron ɗaya ya rasa, saura 10, ba furoton ya ƙaru ba. Nauyin kulorin na 35.5 matsakaici ne na nau'i biyu, 35 da 37, a kashi uku bisa ɗaya. Babu zarra mai rabin nutron. Abin takaici ne kuma ɗan Jos, garin kuza, ya rubuta Ti a matsayin alamarta. Alamar kuza Sn ce, lambarta 50, Ti kuwa ta titaniyum ce.

Amino asid ashirin da ke gina furotin ƙirarsu ɗaya: kabon a tsakiya, ɗauke da NH₂, COOH, haidurojin da reshen R, wanda shi kaɗai ke bambanta su. Kuskuren da ake yi a nan shi ne ɗaukar cewa ruwa shiga yake yi idan biyu suka haɗu, alhali fita yake yi. Shigarsa tana zuwa ne wajen warware furotin, kamar a narkewar abinci. Uku a jere mahaɗi biyu ne da ƙwayar ruwa biyu. Tara daga cikin ashirin ɗin da ake kira na dole ba wai sun fi sauran amfani ba ne, jiki ne ba ya iya haɗa su, sai daga abinci. Laisin da metiyonin suna cikin taran nan: masara tana da ƙarancin laisin, wake na da shi amma ba shi da metiyonin sosai, accan da ake nomawa a Filato kuwa tana da metiyonin mai yawa.