Yadda Ake Raya Ƙasar Lambun Gida da Kare Shuka daga Ƙwari ba tare da Maganin Sinadarai ba

Duk wanda ya taɓa shuka tumatir ko barkono ko kabeji a ɗan filin da ke bayan ɗakinsa ya san takaicin da ake ji idan aka wayi gari aka tarar ganyen da jiya yake kore shar ya nannaɗe, ƙananan ƙwari sun yi masa cincirindo. Abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne ya nemo maganin feshi mai ƙarfi ya gama da su lokaci guda. Sai dai a mafi yawan lokuta matsalar ta samo asali ne tun watanni kafin ranar, a cikin ƙasar da aka yi dashen, domin shukar da saiwarta ke cikin wahala ita ce ƙwari da cututtuka suka fi saurin kayarwa. Saboda haka wannan bayani zai fi daɗewa a kan ƙasa da taki, kafin ya zo kan abin da ake fesawa.

Sanin irin ƙasar da ake da ita

Kafin a zuba komai, a ɗebi ƙasa mai ɗan danshi cikin tafin hannu a dunƙule ta. Idan ta wargaje da zarar an buɗe hannu, rairayi ya yi mata yawa, kuma irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa ko abincin shuka. Idan ta dunƙule tamau tana sheƙi tana manne wa yatsu, yumɓu ne ya rinjaya, wanda yake riƙe ruwa har ya shaƙe saiwa. Wadda ake so ita ce mai dunƙulewa, amma da an ɗan taɓa ta da yatsa sai ta farfashe kamar gari mai laushi.

Mai son ƙarin tabbaci sai ya cika rabin kwalba da ƙasa, ya ƙara ruwa, ya girgiza sosai, ya ajiye. Rairayi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, turɓaya mai laushi za ta biyo baya cikin 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya yi kwana ɗaya ko fiye kafin ya sauka. Kaurin kowane layi shi zai nuna abin da ya fi yawa. Haka kuma yana da kyau a auna tsamin ƙasar da ma'aunin da ake kira pH, domin yawancin kayan lambu sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7, kuma idan aka yi nisa da wannan tsakani, abincin yana nan a ƙasa amma saiwa ba ta iya zuƙarsa. Abin farin ciki shi ne maganin ƙasa mai rairayi da na mai yumɓu duk ɗaya ne, wato ruɓaɓɓen taki, wanda yake taimaka wa ta farko ta riƙe ruwa, ya kuma sassauta ta biyu iska ta shiga.

Haɗa ruɓaɓɓen taki

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin gaggawa. Tsarin tara shara da kashin dabbobi layi bisa layi har su ruɓe daɗaɗɗe ne, amma wanda ya tsara shi a rubuce har ya yaɗu a duniya shi ne Albert Howard, masanin noma ɗan Ingila, a aikin da ya yi a garin Indore na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931. Asalin dabarar shi ne a ciyar da ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda su ne suke cinye sharar su mayar da ita ƙasa. Suna buƙatar abubuwa huɗu: busassun kaya masu yawan sinadarin kabon, ɗanyun kaya masu yawan naitirojin (sinadarin da ke sa ganye ya yi kore), ruwa, da iska.

Busassun kayan sun haɗa da busasshen ganye, da ƙaiƙayi, da karan da aka daddatse, da garin katako kaɗan. Ɗanyun kuwa su ne ɗanyar ciyawa, da ɓawon kayan lambu, da kashin shanu ko awaki ko kaji. Masana suna cewa a nemi kusan kashi 30 na kabon ga kashi ɗaya na naitirojin, wanda a aikace yake nufin a zuba kwando biyu ko uku na busassun kaya ga kowane kwando ɗaya na ɗanyu. A shimfiɗa su layi bisa layi, ana yayyafa ruwa, har tsibin ya kai kusan mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, domin ƙaramin tsibi ba ya riƙe zafi. Danshin da ake so shi ne wanda idan aka matse kayan a hannu ɗigo ɗaya ko biyu ne kawai zai fito.

Cikin 'yan kwanaki tsakiyar tsibin za ta ɗauki zafi, har takan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka soka sanda a ciki aka bar ta na ɗan lokaci, za a zaro ta da ɗumi kamar an ciro ta daga tukunya, kuma da sassafe ana iya ganin tururi yana tashi idan an buɗa saman. Wannan zafi ne yake kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. A riƙa juya tsibin duk mako ɗaya ko biyu, a mayar da na waje ciki. Hanci shi ne babban malami a wannan aiki: warin fitsari yana nuna ɗanyun kaya sun yi yawa, sai a ƙara busassu, warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nuna ruwa ya yi yawa iska ta ƙare, sai a juya a buɗa, tsibin da ya yi sanyi ya ƙi canzawa kuwa ko dai ya bushe ne ko kuma naitirojin ya yi masa kaɗan. Bayan wata biyu zuwa huɗu takin zai yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da ruwan sama ya daka, kuma ba za a iya gane abin da aka zuba da farko ba. Kada a saka nama ko mai ko kashin kare da na kyanwa, haka ma shukar da cuta ta kashe.

Ina jan kunne musamman game da ɗanyen kashin dabbobi. Na kaji yana da ƙarfi ƙwarai, yana iya ƙone saiwar ƙaramin dashe cikin kwana biyu, kuma kowane ɗanyen kashi yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke cutar da ɗan Adam. Ƙa'idar noma marar sinadarai ta ƙasar Amurka ta tanadi a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbin abin da yake taɓa ƙasa, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kuma mai lambun gida ba zai yi asara ba idan ya bi wannan lissafi. Tokar itace tana da fotashiyam da kalshiyam, amma tana rage tsamin ƙasa, don haka a barbaɗa ta kaɗan kaɗan, kuma kada a gauraya ta da ɗanyen kashi domin tana sa naitirojin ya tsere cikin iska.

Idan takin ya nuna, a shimfiɗa kaurin santimita 3 zuwa 5 a kan komin a cakuɗa shi da saman ƙasa kawai. Yawan tono mai zurfi yana tarwatsa hanyoyin da tana ta haƙa, yana kuma tsinka zaren naman gwarin da ke haɗuwa da saiwa yana taya ta janyo fosfaras da ruwa. Bayan dashe a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa marar iri ko ƙaiƙayi kaurin santimita 5 zuwa 8, amma a bar ɗan fili kewaye da gindin shuka don kada ya ruɓe. Ruwa kuma a ba da shi da safe, a gindi, mai yawa lokaci-lokaci, maimakon yayyafi kullum a kan ganye.

Ƙwari: a duba kafin a fesa

Akwai alaƙar da ba kowa ya lura da ita ba tsakanin taki da ƙwari. Shukar da aka ɗura wa naitirojin fiye da kima takan fitar da ganye masu laushi cike da ruwa, kuma irin waɗannan ne darɓa, wato ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye, take so. Sau da yawa lambun da ya fi kowane kore a ido shi ne ya fi shan wahala.

Al'adar da ta fi kowane magani amfani ita ce zagaya lambu sau biyu ko uku a mako da sanyin safiya, ana juya ganye ana duba bayansa. A can ne ake ganin darɓa, ƙananan ƙwari kore ko baƙi da suke taruwa a kan sabon toho suna tsotsar ruwansa. Matansu suna haihuwa ba tare da namiji ba, kuma 'ya'yan sukan balaga cikin kusan mako guda, shi ya sa goma ta yau takan zama ɗaruruwa kafin a ankara. Idan aka ga tururuwa suna hawa da sauka a jikin kara a jere, a bi sawunsu, domin suna zuwa ne shan ruwan zaƙin da darɓar take fitarwa, har ma suna kare ta daga masu cin ta. Muddin an gano da wuri, murje su da yatsa ko watsa musu ruwa mai ƙarfi yakan wadatar.

A nan dole a koyi bambanta abokin gaba da mataimaki. Ƙwaron nan mai zagayen jan baya da ɗigo-ɗigon baƙi yana cin darɓa, kuma tsutsarsa, wadda take baƙa mai tabon ruwan lemo kamar ƙaramin kada, ta fi shi ci, amma mutane da yawa sukan kashe ta saboda munin kamarta. Gizo-gizo da zanzaro da kwaɗi da tsuntsaye duk ma'aikata ne na kyauta. Barin wasu tsirrai masu ƙananan furanni su yi huda a gefen lambu yana janyo su, feshin da ke kashe komai kuwa su yake fara hallakawa, sannan masu ɓarna su dawo su tarar babu mai hana su.

Farin ƙuda, wanda yake tashi kamar ƙura idan an girgiza shuka, haɗarinsa ya wuce tsotso, domin shi ne yake yaɗa cutar da ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe ya yi rawaya, kuma shukar da ta kamu ba ta warkewa, sai dai a tuge ta a fitar. Allon rawaya da aka shafa wa abu mai danƙo yana kama shi, yana kuma nuna lokacin da ya fara yawa. A lokacin zafi da fari kuwa a lura da ɗigo-ɗigon fari a saman ganye da siririyar yana a bayansa, alamar ƙananan halittu dangin gizo-gizo ce masu tsotsar ganye, kuma wanke bayan ganyen da ruwa yana rage su sosai.

Idan hannu da ruwa sun gaza, sai a koma ga feshi, a fara da mafi sauƙi. Ruwan sabulu, kusan mililita 10 na sabulun ruwa marar turare a lita ɗaya, yana kashe ƙwari masu laushin jiki, amma sai ya taɓa su kai tsaye. Sai kuma darbejiya, bishiyar da asalinta yankin Indiya ne, wadda ƙwallonta ke ɗauke da sinadarin azadiraktin mai hana ƙwaro cin abinci da saɓa fata. A daka giram 50 na busasshen ƙwallon da aka ɓare, a jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga sabulu kaɗan, a fesa a ranar. Mai amfani da man darbejiya sai ya sa mililita 5 a lita ɗaya. Ba a ganin gawar ƙwari nan take, kuma wannan ne yake sa wasu su ce maganin bai yi aiki ba, alhali yana buƙatar kwanaki da maimaitawa duk mako. A yi feshin da yamma, lokacin da ƙudan zuma suka koma kuma rana ba za ta ƙone ganye ba, a fara gwadawa a kan ganye biyu ko uku a jira kwana ɗaya.

Tsutsotsi masu cin ganye da masu huda 'ya'ya, ciki har da Tuta absoluta, wadda ta fito daga Kudancin Amurka ta ɓulla a Sifaniya a 2006 sannan ta bazu zuwa Afirka da Asiya, ana rage su da tsince su da hannu da cire ganyen da suka yi wa rami. Akwai kuma maganin Bt, wata ƙwayar bakteriya ce da aka fara ganowa a Japan a 1901, wadda take lalata cikin tsutsar da ta ci ta ba tare da ta taɓa ƙudan zuma ba. Ta fi aiki a kan ƙananan tsutsotsi, kuma hasken rana yana kashe ƙarfinta cikin 'yan kwanaki. Ruwan taba kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan duk da cewa daga tsiro yake, domin nikotin guba ne ga mai feshin kansa, kuma ganyen taba yana iya ɗauko cutar da ke kama tumatir da barkono.

Saura abokin gaban da ke ɓoye. Idan shuka tana yaushi da rana alhali ƙasa da danshi, a tuge guda ɗaya a duba saiwarta. Ƙulle-ƙulle kamar ƙurji a jikin saiwar alama ce ta wata tsutsa da ido ba ya gani. A bambanta su da ƙananan ƙwallayen da ke jikin saiwar wake da gyaɗa, waɗanda ake iya ɓanɓarewa da farce, domin su gidan bakteriya ne masu tara naitirojin daga iska. Tumatir da barkono da gauta da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, saboda haka kada a maimaita ɗayansu a komi guda sai bayan shekara uku, a sa masara ko albasa a tsakani. Inda abin ya yi tsanani, a jiƙa komin sosai a lokacin da rana ta fi zafi, a rufe shi da farar leda mai nuna ciki, a binne gefunanta da ƙasa don kada iska ta shiga, a bar ta mako huɗu zuwa shida. Bayan an yaye ledar a zuba sabon ruɓaɓɓen taki kafin dashe, domin zafin ya rage halittu masu amfani tare da masu cutarwa, kuma takin ne zai mayar da su.