Yadda Ake Sauraron Wasannin Farko na Pink Floyd

Wanda ya san Pink Floyd, ƙungiyar makaɗan rock ta Ingila, ta faya-fayansu na shekarun 1970, masu tsari da tsabtar sauti, yakan sha mamaki idan ya ci karo da abin da suke kaɗawa a gaban jama'a a 1966 da 1967, lokacin da Syd Barrett ke jan ragamar ƙungiyar. Da yawa sukan kashe tun ba a je ko'ina ba, su ce hayaniya ce kawai. Gaskiyar lamari, kiɗa ne da aka yi domin wani wuri da wani irin dare, kuma sai an san waɗannan kafin kunne ya karɓe shi.

A fara da wurin. UFO, kulob ɗin dare da Pink Floyd suka riƙa wasa a cikinsa a wancan lokaci, wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne a titin Tottenham Court da ke Landan, wanda Joe Boyd da John Hopkins suka buɗe a Disambar 1966, ana cika shi a daren Juma'a har kusan wayewar gari. Ana zuba mai da ruwan launi a tsakanin gilasai, a haska su da majigi a jikin makaɗan da bangon da ke bayansu, zafin fitilar yana sa launukan motsi, ta yadda da ƙyar ake ganin fuskar mai kiɗa. Ba wanda ya je can jiran amshin waƙa. Saboda haka mai sauraro a yau ya rage hasken ɗakinsa, ya ajiye waya, ya bar kiɗan ya tafi daga farko har ƙarshe ba tare da tsallakewa ba.

Mafi dacewa a fara da "Interstellar Overdrive" da suka kaɗa kai tsaye a ɗakin ɗaukar sauti na Sound Techniques a Janairun 1967, domin wani fim na Peter Whitehead. Ya kusan minti 17, alhali wanda ya fito a faifansu na farko a Agustan wannan shekara bai cika minti 10 ba. Kiɗan yana buɗewa da wani gajeren kari mai gangarowa daga sama zuwa ƙasa, wanda jita ke maimaitawa. A riƙe shi da kyau, domin ba da jimawa ba zai ɓace, kuma ba zai dawo ba sai can ƙarshe. Duk abin da ke tsakani ƙirƙira ce ta nan take, kuma daɗin yana cikin lura da yadda mutum huɗu ke nisa da karin, su rabu da juna, sannan su lallaɓo su haɗu.

A wannan tsakiyar ne mutane ke ɓata. Dabarar ita ce a bi kayan kiɗa ɗaya a kowane sauraro. A karon farko a manne wa jita mai kauri ta Roger Waters da gangunan Nick Mason, domin su ne ke nuna ko tafiyar na nan ko ta tsaya. A karo na biyu a koma ga ogan ɗin Farfisa (kayan kiɗa mai madannai kamar piyano) na Richard Wright, wanda a ganina shi ne ginshiƙin da aka fi mantawa da shi, tun da dogayen sautukansa ne ke hana komai watsewa. Barrett a bar shi sai ƙarshe. Yakan goga abin kunna sigari na Zippo a kan tsirkiyoyin jitarsa, sautin ya bi ta cikin na'urar amsa-kuwwa ta Binson Echorec, sai a ji tsuwa da kuka da ba su yi kama da jita ba. Wanda ya nemi ƙwarewar yatsu a wurinsa ba zai samu abin da yake so ba, domin abin da ya dame shi shi ne launin sauti da inda zai jefa shi.

Sai kuma haƙuri da ingancin ɗauka. Wasansu na Stockholm a ƙasar Suwidin, a Satumbar 1967, wanda aka fitar a hukumance a 2016, kusan ba a jin muryar mai waƙa a cikinsa, amma kayan kiɗan sun fito da ƙarfi da kaushi fiye da na faifai. Haka nan, a wasan da suka yi a zauren Queen Elizabeth ranar 12 ga Mayu 1967 sun zagaya sauti ta lasifikoki a kusurwoyin zauren, abin da tsohon kaset ba zai taɓa mayar wa kowa ba.

Kada a ɗauka kowane dare ya yi kyau. A garuruwan wajen Landan, inda matasa ke zuwa don jin "See Emily Play" da suka sani a rediyo, an sha yi musu ihu har da jifa. Zuwa ƙarshen 1967 lafiyar ƙwaƙwalwar Barrett ta taɓarɓare, ga kuma yawan shan ƙwayar LSD, har yakan tsaya a dandamali yana kaɗa sauti ɗaya. Wannan rashin lafiya ce, bai kamata a yi mata ado a kira ta fasaha ba.

Bayan an saba da 1967, sai a saurari ɓangaren kai tsaye na faifan Ummagumma, wanda aka ɗauka a Birmingham da Manchester a 1969, bayan David Gilmour ya maye gurbin Barrett. A nan tashi da saukar kiɗan an tsara su tun kafin a hau dandamali, kuma kunnen da ya horu da wasannin farko zai gane wuraren da a da aka bar wa sa'a.