Wasan dabo: horar da hannu kafin sayen kayan wayo

"Kawo mu duba." Wannan maganar ce ke tona asirin ɗan dabon da ya jingina da kayan saye, kuma a Kano ba a rasa yaron da zai faɗe ta, ko a bikin yaye ɗalibai ko a dandalin unguwa ranar Sallah.

Dubi kartar da ake kira Svengali. Rabinta kati iri guda ne, an ɗan rage musu tsawo, an saka su bi da bi a tsakanin sauran. Ka zazzago ta ta wannan gefe, a ga kati daban-daban. Ta ɗaya gefen, duk iri ɗaya. Abin burgewa ne, amma da ta shiga hannun ɗan kallo zance ya ƙare. Haka yatsan roba da ake cusa hankici a ciki: yawancinsa da launin farar fata ake yin sa, ga shi rana tsaka ba ta rufa wa kowa asiri.

Saboda haka fara da abin da kowa zai iya taɓawa: marfin kwalba ko ƙaramin goro, ka koyi nuna kamar ya ɓace a hannunka. Riƙe shi tsakanin babban yatsa da yatsu biyu na hagu, tafi na kallon sama. Kawo hannun dama, babban yatsa ya shiga ta ƙarƙashin goron, sauran su rufe shi ta sama. Daidai lokacin da suka rufe, sassauta riƙon, goron ya faɗa gindin yatsun hagu. Dunƙule dama kamar ka ɗauka, ka ɗaga shi, idonka na biye da shi, hagu kuma ya sauka gefenka a sake.

Ga inda aikin yake. Kafin ka yi na wayo, ɗauki goron da gaske sau 20, kana lura da yadda kafaɗa da ido da yatsu ke motsi. Sannan ka kwaikwayi wannan motsin sak. Masu koyo sun fi faɗuwa a hannun hagu: sai ya sandare ko ya dunƙule, jama'a kuwa hannun da ya ƙage suke kallo. Sai satar kallon inda goron yake, sai gaggawa. Sauri ba ya ɓoye komai, zargi yake jawowa. Kada ka yarda da madubi kaɗai, don mutum kan ƙifta ido daidai wurin kuskurensa. Jingine waya ta ɗauke ka bidiyo. Minti 15 safe da yamma, mako biyu, kafin ka nuna wa kowa.

Yanayi ma da nasa. Gumin watan Afrilu kan manna abu a tafi, hunturu kuma ya busar da fata har marfi ya suɓuce, sai ka shafa ɗan basilin ka goge sosai. 'Yan kallonmu zobe suke yi wa mai wasa, don haka ka sa bango a bayanka, yara kuma su tsaya a tsaye, domin na zaune yana hango ƙarƙashin hannu. Naɗe hannun riga tun kafin a ce a ciki ka zura.

Faɗa wa jama'a tun farko cewa wayon hannu ne, ba sihiri ba, kuma kada kuɗin caca ya shigo ciki.

In hannu ya faɗa, kayan wayo na da rana. Sa kartar gaskiya mai baya iri ɗaya a aljihu, ka mayar da Svengali ciki kamar ka gama, wanda ya ce a kawo ya duba sai ka zaro masa ta gaskiyar.