Kurakuran da maniyyata ke yi wajen tafiyar ƙafa a aikin Hajji

Kakanninmu da suka bi ta Borno da Cadi da Sudan har suka kai Suwakin a bakin Bahar Maliya sun shafe shekaru a hanya, kuma ƙafarsu ta saba tun daga gida. Maniyyacin yau yana tashi daga sansanin alhazai na Mando, cikin 'yan sa'o'i yana ƙasa mai tsarki, sai ya ɗauka tafiyar ƙafa ta zama tarihi. Ba ta zama ba. Tsakanin Mina da Arfa kusan kilomita 14 ne, sa'ayi kaɗai kusan kilomita 3 ne, ga ɗawafi, ga zuwa jifa da dawowa kwana uku a jere. Ranar da cunkoso ya tsayar da mota, ƙafa ce za ta ƙarasa aikin.

Babban kuskure a nan Kaduna ake yin sa. Mutum ya shekara daga mota sai ofis, daga Keke Napep sai ƙofar shago, yana zuwa bita kowane mako yana haddace addu'o'i, amma bai taɓa gwada tafiyar awa ɗaya ba. Gyaran shi ne ka fara wata biyu ko uku kafin tashi. Bayan Asuba ka zaga filin Murtala, ko ka riƙa takawa zuwa masallacin Juma'a mai ɗan nisa da unguwarku. Ka fara da minti 20, kana ƙarawa a hankali har ka iya awa biyu ba tare da ka galabaita ba. Hajiya ma haka, ta samu abokiyar tafiya su riƙa fita da yamma.

Sai sabon takalmi. Ana sayo shi, a adana a jaka da ledarsa, ba za a sa ba sai ranar ɗaura harami. Kafin a bar Mina ƙafa ta yi bororo. Takalmin da za ka tafi da shi, shi za ka yi atisaye da shi tun yanzu, kuma ka riƙe na biyu domin takalma suna ɓata a ƙofar masallaci. Idan bororo ya fito kada ka yage fatar, ka wanke, ka rufe da filasta. Mai ciwon suga kuwa kada ya kuskura ya taka titi ba takalmi, domin ƙasa tana iya ƙona shi bai ji ba, kuma ya duba tafin ƙafarsa kowane dare.

Akwai abin da maza ke jin kunyar faɗa: gugar cinya. Ba wando a harami, ga gumi, sai fata ta saɓule. Man basilin marar ƙamshi kafin a fita yana hana wannan.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙin shan ruwa saboda gudun layin banɗaki ko karyewar alwala. Dattawanmu sun fi yin haka, kuma yana kisa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, sama da mutum 1,300 suka rasu, hukumomin Saudiyya kuma suka ce akasarinsu sun yi doguwar tafiya ne cikin rana ba inuwa. Kada ka ce ai ka saba da zafin watan Afrilu na Kaduna. Ka riƙa kurɓar ruwa tun ƙishi bai zo ba, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari, ka riƙe lema, ka bi lokacin jifa da aka ba tawagarku. Idan na kusa da kai ya fara jiri ko sambatu, ku kai shi inuwa, ku jiƙa masa jiki, ku nemi ma'aikatan lafiya nan take.

Kaya ma a rage. Ƙaramar jaka ta baya ta isa: ruwa, magani, dabino, tabarma marar nauyi don kwanan Muzdalifa, da katin shaida a wuya. Wanda rauni ko tsufa ya hana shi takawa zuwa Jamrat ya tambayi malamin bita yadda ake wakilci a jifa tun kafin a bar gida.