Kurakuran da ake yawan yi wajen duba bugun zuciya a agogon motsa jiki

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne agogon nan ba ya jin zuciyarka kai tsaye. Juya bayansa za ka ga wata koriyar fitila tana ƙiftawa, ita ce ke haska fata, shi kuma jini yana shanye koren haske, to duk bugu ɗaya jini na ƙaruwa a ƙananan jijiyoyin wuyan hannu sai hasken da ke dawowa ya ragu, da wannan hawa da saukar yake lissafa sau nawa zuciya ke bugawa a minti. Shi ya sa duk abin da ya shiga tsakanin fitilar da fata sai ya ɓata lissafi.

Kuskuren da ya fi yawa wallahi ɗaurin ne. Wani ya sa shi sako-sako yana yawo kamar awarwaro, hasken waje na shiga ta ƙasa, wani kuma ya ɗora shi daidai kan ƙashin nan da ya turo a gefen wuyan hannu. Matsar da shi sama da ƙashin kamar faɗin yatsa ɗaya, ka ɗaure ya kwanta a fata amma ban da matsewa har ya bar shati, don hakan ma na hana jini gudu yadda ya kamata. A riƙa goge bayan agogon kuma, gumi da man shafawa na taruwa a gilashin. Mai tattoo mai duhu a wurin gara ya mayar ɗaya hannun. Sanyi ma na rikita shi, saboda jini na janyewa daga fata.

Sai masu ɗaukar kowace lamba a matsayin bugun hutu. Ka hau bene da sauri, ko yanzu ka gama shan kofi, ka duba ka ga 95 hankalinka ya tashi, haba dai, ai wannan ba hutu ba ne. Bugun hutu shi ne wanda ake samu jiki a natse, mafi kyau da safe kafin ka sauko daga gado. Ga babban mutum 60 zuwa 100 a minti shi ne aka saba, masu atisaye sosai nasu kan sauka har 40 da wani abu kuma lafiyarsu ƙalau.

Gwada naka da na abokinka ma ɓata lokaci ne, kowane kamfani da yadda yake lissafinsa. Garmin na ɗaukar matsakaicin minti 30 da bugun ya fi yin ƙasa cikin awa 24, Fitbit kuma na haɗa bayanan bacci da na farke, idan kullum da daddare kake cire shi ka sa a caji to lambar da zai ba ka za ta ɗan bambanta.

A ganina amfanin agogon yana cikin bin makonni ne. Lambar rana ɗaya ba ta cewa komai, rashin bacci, ƙishirwa, zazzaɓi, damuwa duk suna ɗaga ta, wasu magungunan hawan jini kuma suna saukar da ita. Amma idan ka saba ganin 62 sai ya koma 72 ya tsaya a nan kwana da kwanaki, wannan abin lura ne.

In kana shakka gwada da kanka, zauna minti 5, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ƙasan babban yatsa (kar ka yi da babban yatsan, yana da nasa bugun), ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. A zaune yawanci za ka ga sun yi kusa sosai, lokacin guje-guje ne agogon ya fi kuskure, can bel ɗin auna bugun zuciya da ake ɗaurawa a ƙirji ya fi shi.

Kuma don Allah kar lamba mai kyau ta sa ka raina abin da jikinka ke gaya maka. In kana jin jiri, ciwon ƙirji, numfashi na yankewa ko zuciya na tsalle-tsalle, je asibiti a yi maka ECG, wato gwajin da ke duba yadda zuciya ke bugawa, ko da agogon na nuna 70, haka ma in bugun hutunka ya zauna sama da 100.