Kurakuran da aka fi yi in za a je Grand Teton da garin Jackson

Kuskure na farko tun kafin a bar gida ake tafka shi, wajen yankan tikitin jirgi. Garuruwa masu suna Jackson suna da yawa a Amurka, mutum ya buga sunan kawai ya danna na farkon da ya fito, ashe na jihar Misisifi ya yanka, can kudu inda ko dusar ƙanƙarar kirki babu. Wanda kake nema yana jihar Wyoming, lambar filin jirginsa JAC, na Misisifi kuwa JAN, harafi ɗaya ne tsakani. Filin jirgin ma a cikin Grand Teton ɗin yake, wato gandun daji na ƙasa mai manyan duwatsu da tafkuna, kana saukowa duwatsun na gabanka. Kuma Jackson sunan gari ne, Jackson Hole sunan kwarin gaba ɗaya.

Amma wanda ya fi cin mutane shi ne lokaci. Sai mutum ya ga hoto biyu a intanet, ɗaya tafki shuɗi shar ana yawo a bakinsa, ɗaya mutane na zamiya a kan ƙanƙara, ya ɗauka a sati ɗaya zai haɗa duka. Ba ya yiwuwa fa. Wasan zamiya daga wajen ƙarshen Nuwamba ne zuwa Afrilu, a lokacin kuma babbar hanyar cikin gandun, Teton Park Road, an rufe tsakiyarta wa motoci daga 1 ga Nuwamba har 30 ga Afrilu, tun daga Taggart Lake zuwa Signal Mountain. Ƙofar kudu ta Yellowstone ma, wani gandun dajin da ke arewa da shi, da mutane ke cewa ai kusa ne bari mu leƙa, ba a shiga da motar gida da hunturu. In yawon ƙafa da tafkuna kake so ka zo Yuli zuwa Satumba, in ƙanƙara kake so ka zo Janairu ko Fabrairu, ka zaɓi ɗaya ka haƙura da ɗayan. Ƙarshen Afrilu da farkon Nuwamba kam su ne ba tsuntsu ba tarko, an rufe wajen zamiya ko ba a buɗe ba, hanyoyin ƙafa duk caɓi, shi ya sa otal ke arha a lokacin.

Sai tsayi. Garin kansa yana kan kusan mita 1,900 daga teku, ƙololuwar dutsen Grand Teton mita 4,199, motar igiya da ke tashi daga Teton Village, ƙauyen masu zamiya da ke kusa da Jackson, kuma cikin mintuna kaɗan ta kai ka sama da mita 3,100. Mutum ya sauka jirgi yau, gobe da sassafe ya kama hawa, kafin azahar kai na sara, numfashi sama-sama, yana cewa ko zazzaɓi ne. Iska ce ba ta da nauyi a can. Kwanan farko ka yi shi a ƙasa, ka sha ruwa sosai ko ba ka jin ƙishi, ka shafa man kariyar rana, don rana a kan farar ƙanƙara tana ƙona fata da ido ana cikin sanyi.

Maganar dabbobi ita ce ke ba ni haushi gaskiya. Ana ganin ɓauna a gefen titi sai a yi fakin a fito da waya ana matsawa kamar saniyar gida ce, alhali dabbar nan da girmanta ta fi ka gudu nesa ba kusa ba. Dokar gandun a fili take: yadi 100 tsakaninka da beyar da kyarkeci, yadi 25 da sauran dabbobi. Feshin korar beyar kuma kar ka sha wahalar saye daga nesa, ba a hawa jirgi da shi ko a jakar da ke ƙarƙashi, a Jackson za ka saya ko ka yi haya, kuma ka rataye shi a ƙugu, wanda ke ƙasan jaka ba shi da amfani. Abinci kar a bar shi a buɗe.

A Jenny Lake, wani tafki a cikin gandun, da rani, in ka tsaya karin kumallo a nitse ka iso ƙarfe goma, sai dai ka yi ta zagaye neman wajen fakin. Bayan asuba ake fita. Wannan sammakon ma zai sa ka sauko kafin hadarin yamma, don tsawa a kan dutse ba abin wasa ba ce.

Kuɗin shiga gandun kuma, dala 35 ne mota na kwana 7, kuma ba ya shigar da kai Yellowstone, can ma nasu daban. Daga Janairun 2026 an ƙara wa waɗanda ba mazauna Amurka ba dala 100 kowane mutum mai shekara 16 zuwa sama, to ka lissafa da shi. Masu gudun tsadar otal sukan kama ɗaki a Victor ko Driggs a jihar Idaho, dabara ce mai kyau da rani, amma da hunturu kullum sai ka tsallaka Teton Pass, hanya mai gangare sosai da akan rufe in ƙanƙara ta yi yawa, kana iya wayar gari kai kana can kuɗin tikitin zamiyarka yana nan.

Wanda bai taɓa ɗaura katakon zamiya ba kuma ya rufa wa kansa asiri, wurin zamiyar Jackson Hole Mountain Resort da ke Teton Village ya yi suna ne da wuraren gwanaye, motar igiyar nan in ka hau ta da katako babu hanya mai sauƙi ta saukowa daga can ƙoli. Ka biya malami ya koya maka a ƙasa, ka yi hayar kaya kar ka saya, in kallo kake so ka hau motar ka dawo a cikinta.