Idan gobara ta tashi cikin dare, ta ina iyalinka za su fita?

Wallahi tun gobarar da ta ci azuzuwan zana a kartiyen Pays-Bas nan Yamai a watan Afrilun 2021, inda yara ƙanana kusan 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu, maganar wuta ba ta bar raina ba. Amma abin da ya tada ni tsaye wani dare ne lokacin sanyi, maganin sauro ya faɗa kan katifar yara, hayaƙi ya cika ɗaki, ga lantarki an ɗauke, ni kuma ina ta lalube ina neman lakilen ƙofar gida, ashe yana aljihun rigar da na cire da yamma. Allah ya tsare aka kashe, amma har gobe in na tuna tarin da ƙaramar ɗiyata ta riƙa yi sai jikina ya mutu.

To ka fara da makullin nan. Gidajenmu saboda tsoron ɓarayi mun sa ƙarfe a kowace taga, ƙofa kuma kwaɗo biyu, ranar da wuta ta tashi mu ne a kulle. Ka buga ƙusa kusa da ƙofa, inda yaro ɗan shekara bakwai zai kai hannu amma na waje ba zai kai ba, makulli ya riƙa kwana nan kullum, da tocila a gefensa. In da hali ka kira mai walda ya mai da ƙarfen taga guda mai buɗuwa ta ciki, don kowane ɗakin kwana ya samu hanya ta biyu. Mashin da ake ajewa a zaure da dare shi ma a matsar da shi, musamman in akwai galan ɗin esans a gefe, can ne fa hanyar fitarku.

Sai ku zauna da uwargida ku raba mutane. Ni na ce mata, "Maman Nana, ke jinjiri da Nana, ni zan ɗauko Inna da samari," don Inna ƙafa ta yi nauyi kuma ba ta ji sosai, sai an taɓa ta. Ku zaɓi wuri guda a waje da kowa zai tsaya, mu gindin dogon yaron da ke ƙofar masallaci ne, a nan ake ƙirga kai. Wanda ya fita ya fita kenan, ba komawa ɗauko salula ko takardu ko kuɗin adashi.

Ku koya wa yara cewa hayaƙi ya fi kashe mutane kan harshen wutar, kuma sama yake tashi, shi ya sa rarrafe ake yi. Kafin a buɗe ƙofa a taɓa ta da bayan hannu, in da zafi a bi ɗaya hanyar. In riga ta kama kar a ruga, a kwanta a yi birgima. Ka maimaita musu da kyau kar su ɓuya ƙarƙashin gado, yaro in ya tsorata abin da yake yi kenan. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, kowa ya haddace, ya kuma iya kwatancen gida, kusa da wane masallaci ko wane famfo, don lungunanmu ba duka ke da suna ba. A kira bayan an fita, a kwaɗa wa maƙwabta kira su ma.

Mai in ya kama a tukunya kar a zuba ruwa, a kashe gaz a rufe da murfi. Wayar lantarki ma ba a watsa mata ruwa.

Sannan sai ku yi gwajin fita. Ku fara da rana, kowa ya kwanta a shimfiɗarsa, ka buga faranti ka ce wuta, ka duba agogo. Daga baya ku yi bayan isha'i fitilu a kashe. Mu karon farko sai da muka haura minti huɗu, Nana ta tsaya neman takalmi, samari suka yi karo a zaure, yanzu ba mu kai biyu. Muna yi farkon sanyi lokacin da ake shiga ɗaki da furno, da kuma lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa ana kunna kyandir. In baƙi suka zo daga ƙauye za su kwana, tun kafin a yi shimfiɗa nake nuna musu ƙusar makulli da bishiyar.